Komadugu Yobe: Sunan Kogi da Nahawun da Ke Ƙunshe Cikinsa

Daga Difa har N'Gelbeli, can arewacin Maine-Sorowa inda tudun yashi ya fi ruwa yawa, yaran makaranta na haddace cewa "kogin Komadugu Yobe" ne ya raba Nijar da Nijeriya a gabas. Batun iyaka daidai ne. Jimlar ce ke da gyara, domin a bakin Barebari komadugu suna ne gama-gari, ma'anarsa kogi. Duk mai cewa "kogin Komadugu", a rediyo ko a littafi, "kogin kogi" yake faɗa, kamar yadda mai cewa "hamadar Sahara" ke ninka kalma guda da harsuna biyu. Shaida tana kusa: reshen da ke haɗuwa da shi wajen Damasak sunansa Komadugu Gana, wato ƙaramin kogi.

Kashi na biyu na sunan ya fi ban sha'awa. Yobe gaɓa biyu ce, kowace da aikinta: Yo, garin da ke kusa da inda kogin ke zuba a Tafkin Cadi, da kuma -be, ɗafa-ƙeyar mallaka a Barbarci. Bahaushe yana liƙa harafin mallaka ga abin da aka mallaka, ya ce kogi-n Yo. Babarbare yana liƙa shi ga mai abin, ya ce komadugu Yo-be. Turawan Ingila Denham da Clapperton, da suka iso a 1823, da sunan garin kawai suka kira kogin. Masu zanen taswira na baya su ne suka haɗiye ɗafin cikin suna, har a 1991 Nijeriya ta kafa Jihar Yobe, wadda fassarar sunanta ita ce "na Yo", alhali garin Yo ɗin yana cikin Jihar Borno. Misalinsa kamar a ɗauki Rigas, siffar mallakar sunan birnin Riga a harshen Latbiya, a mayar da ita sunan lardi.

Sai jinsi. Barbarci ba ya raba sunaye namiji da tamata, amma harsunan da suka ari kalmar sun tilasta mata zaɓi. Faransanci ya mayar da ita tamata. Hausa ma haka, bisa al'adarta game da sunayen garuruwa da koguna: manomin tattasai zai ce Komadugu ta kawo, ko da yake kogi namiji ne. Wannan ba laifi ba ne. Haka aro yake. Tun 1960 Joseph Greenberg ya nuna cewa karatu, rubutu da kasuwa ta hanyar Borno suka shigo Hausa, kuma ba wanda ke jin baƙuntarsu yau.

Abin da nake suka shi ne koyar da sunan kamar wani dutse marar ciki. Kundin da aka zartar a Nijar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Ke nan littattafan da za a rubuta da ita su ne za su tsayar da sunayen wurare a zukatan yaran Manga da Mobar, waɗanda Barbarci ne harshen gidansu. Idan marubuci ya kwafo sunan daga taswirar Faransanci bai tambayi masu kogin ba, ɗan Boso zai karanta kalmar uwarsa a matsayin baƙuwa.

Gyaran kuwa ba shi da tsada. A rubuta Komadugu Yobe ba tare da "kogin" ba, a fassara shi sau ɗaya. Sa'an nan malami ya raba Yo da -be a kan allo, ya nemi ɗalibansa Barebari su kawo wasu misalan ɗafin, ƴan Hausa da Fulani su faɗi yadda harsunansu ke ƙulla mallaka.