Mun Sa Hannu, Wa Ke Auna Ruwan?

Yanzu yayin sa hannu a yarjejeniyar ruwa ake yi a ƙasashenmu. Chadi ce ta buɗe hanya a 2018, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta shiga yarjejeniyar kare koguna da tafkunan da suka ratsa iyakoki, wadda aka ƙulla a Helsinki a 1992. Kamaru ta bi sahu a 2022, Najeriya a 2023. Tun 1964 kuma muke da Hukumar Tafkin Chadi mai hedikwata a N'Djamena. Ina goyon bayan wannan haɗin kai har cikin zuciyata. Abin da ke damuna shi ne, duk sa'ad da manya suka zauna, zancen yawan ruwa ke cinye taron, ba a cika tada batun tsabtarsa ba.

Dubi taron da aka yi kan Tafkin Chadi a Abuja a 2018. Hankali duk ya tafi kan shirin Transaqua, wato a haƙa hanya mai tsawon kilomita kusan 2,400 a janyo ruwa daga yankin Kogin Kwango zuwa tafkin. Na san dalili: tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya ƙanƙance ƙwarai a lokacin fari na shekarun 1970 da 1980. Amma ruwan da muke da shi a hannu fa, me muke zubawa a cikinsa?

Wanda ya taɓa bi ta bayan majemun Challawa da Sharaɗa a Kano ya san amsar kafin ya gani, domin wari ne ke fara tarbarsa. Ruwa ne mai kauri, wani lokaci baƙi, wani lokaci shuɗi-shuɗi saboda sinadarin kromiyam da ake jeme fata da shi, yana bin kwata yana faɗawa Kogin Challawa. Gaba kaɗan za ka ga mai lambu ya dasa injin ban ruwa yana ba latas da kabeji, makiyayi na shayar da shanu. Ba ganganci suke yi ba, shi ne ruwan da ke gabansu. Daga nan kogin ya wuce Wudil, ya bi ta Haɗeja da fadamun Nguru, abin da ya saura ya shiga Komadugu Yobe, wanda shi ne iyaka tsakanin Najeriya da Nijar ta wajen Diffa, inda manoman tattasai suka dogara da shi. Manomin Diffa ba shi da bakin magana a kan abin da ake zubarwa a Kano, alhali ruwan ɗaya ne.

Turawa ma sai da suka sha wuya suka gane. Ƙasashen Kogin Rayin sun kafa hukumar kare shi tun 1950, amma a Nuwamban 1986 gobara ta tashi a rumbun sinadarai na kamfanin Sandoz kusa da Basel, ruwan kashe wutar ya kwashe guba zuwa kogin, kifaye suka mutu tsawon ɗaruruwan kilomita. Shekara ɗaya bayan haka suka amince da shirin aiki mai wa'adi, suka ƙarfafa tashoshin auna ruwa da tsarin gargaɗi, ta yadda in guba ta zuba a Suwizalan, nan take labari zai isa Jamus da Holan. Kifin salmon da ya ɓace ya sake dawowa kogin.

Wannan nake so mu ara, kuma kuɗinsa bai kai na haƙa hanyar ruwa daga Kwango ba. A kafa tashar auna ruwa a ƙasan majemun Kano, wata a Gashuwa, wata a bakin iyaka, ma'aikatan Najeriya da na Nijar su riƙa ɗibar samfur tare. A riƙa sanar da sakamakon duk wata a rediyo da Hausa da Barbarci, domin masunci da mai lambu su ji da kunnensu. Masana'antar da aka samu tana zubar da ɗanyen dagwalo kuwa, a rufe bututunta har sai ta gina matatar da doka ta ce.