AKUN ABUBAKAR IMAM DA 'YA'YANMU

Kwanan baya ƙanena ya dawo daga Funtuwa da tsarabar wani ɗan littafin Turanci, ya ba ɗiyata. Labarin wasu dabbobi ne masu binciken ɓarayi, sun sa kwat da hula, sun hau jirgi zuwa wata ƙasa mai dusar ƙanƙara. Yarinyar nan ta yi kwana uku tana kallon hotuna, sannan ta ce, "Umma, mu dabbobinmu ba su da wayo ne?"

Wallahi tambayar ta tsaya mini a rai. Sai na buɗe adaka na ɗauko tsohon Magana Jari Ce na tun muna sakandare.

Marigayi Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911 ya rasu a 1981, ya rubuta shi a Zariya, ya fito kashi uku daga 1937 zuwa 1939. Ke da kika karanta kin san akun nan. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri ya haɗa baki da Sarkin Sinari, Musa ɗan Sarki kuma ya matsu sai ya fita. Wa ya gano makircin? Aku. Ba shi da takobi, ba shi da dogari. Kunne ya kasa, ya lura da take-taken mutane, sannan ya riƙe Musa da labari dare bayan dare har hatsarin ya wuce. To in wannan ba ɗan bincike ba ne, mene ne shi?

Abin da ya fi burge ni, dabbobin littafin ɗiyata da gudu da na'ura suke kama ɓarawo, shi kuwa aku da haƙuri da iya magana. Bai ce wa Musa kada ka fita ba sau ɗaya ya yi shiru, ya san yaro ba ya jin hani. Sai ya ba shi abin da ya fi fitar daɗi. Iyaye mata, akwai darasi a nan ga mai ɗa mai ƙiriniya.

Batun tafiya ƙasashen waje kuwa, ai labaran ne da kansu suka yi tafiyar. Wasu daga Dare Dubu da Ɗaya suka zo, wasu daga tatsuniyoyin Jamus, shi kansa akun mai ba da labari asalinsa Indiya ne. Amma Imam ya yi musu wanka, ya sa musu riga da rawani, har ki rantse a ƙofar fadar Maska aka yi su.

Sai dai fa gaskiya ɗaya ce, ina da ƙorafi. Mata ba su samu rabo mai kyau a littafin ba. Sau da yawa in mace ta fito, ko makira ce, ko mai tsegumi, ko wadda ake daura wa aure ba a ji ta bakinta ba. Ɗiyata ta tambaye ni ina matar aku, me ta taɓa ganowa? Na rasa amsa. Na biyu, kusan komai a fada yake ƙarewa. Ɗan manomin auduga da masara yana son ya ga gonarsu da garkensu a takarda.

Ba laifin Imam nake gani ba, ya yi na zamaninsa, Allah Ya jiƙansa. Laifin namu ne marubutan yau, har da ni. Mun cika kasuwa da soyayya da kishi, mun manta da yara. Me zai hana a rubuta labarin jaka da karya da zabuwa, an sace shanun huɗar maigidansu a Malumfashi, su bi sawu ta Katsina da Jibiya har Maraɗi? Yaran yankinmu sun san zafin satar shanu, sun ga hawayen iyayensu. Irin wannan littafi zai ba su dariya, ya kuma nuna musu cewa mai hankali ba ya rasa dabara.

Kafin a rubuta, 'yar'uwa, ki karɓe wayar nan daga hannun yaro bayan sallar isha'i, ki shimfiɗa tabarma, ki karanta masa labari ɗaya na aku. In ya nemi ƙari ki ce sai gobe. Haka akun ya yi wa Musa, kuma ya ci nasara.

Allah Ya shirya mana zuriya, amin.