Buster Keaton: Fuskar Da Ba Ta Roƙon Tausayi

A fim ɗin Steamboat Bill, Jr. na 1928 akwai wani ɗan wuri da muka maimaita kallonsa a waya ba adadi. Guguwa na kaɗawa, Buster Keaton na tsaye ya ba gida baya, sai bangon gaban gidan ya rufto a kansa ɗungurungum. Abin da ya cece shi, tagar bene a buɗe take, kuma daidai inda ya tsaya ta sauka. Bangon gaske ne, mai nauyin kusan tan biyu. Da ya goce taku ɗaya, sai dai a kwashi gawa.

Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja, a nan ya kama mu, domin barkwancinsa lissafi ne tsagwaronsa. An haife shi a Kansas ta Amurka a 1895, ya tashi a dandalin wasa inda mahaifinsa ke wurgi da shi don 'yan kallo su yi dariya. Tun a lokacin ya lura idan ya murmusa dariyar kan ragu, sai ya ɗaure fuska har abada. Da ya shiga fim a 1917 wurin Roscoe Arbuckle, kyamara ya fara kwancewa don ya ga yadda cikinta ke aiki.

An fi sanin Charlie Chaplin, amma mu dai Keaton muka zaɓa. Chaplin kan kalli kyamara yana neman mu tausaya masa. Keaton bai da lokacin wannan, jirgin ƙasa na tahowa, dole ya kawar da katakon da ke kan titin. Shi ya sa yake ajiye kyamara nesa, bai cika yanka hoto ba, don mu shaida cewa ba a yi mana rufa-ido ba. A Sherlock Jr. na 1924 ruwan tanki ya maka shi da ƙasa har ƙashin wuyansa ya tsage, bai sani ba sai da likita ya gano bayan shekaru.

Amma ba za mu yi masa kara ba. The General na 1926, wanda ake kira gwanin fina-finansa, jaruminsa yana ɓangaren Kudu ne a yaƙin basasar Amurka, ɓangaren da ya yi yaƙi don bauta ta ɗore, kuma fim ɗin bai ce uffan a kan bayi ba. Muna tafa wa jirgin da ya rufta daga gada cikin kogi, muna kuma sane da tutar da ake ɗagawa.

Masu cewa zuwan sauti ne ya karya shi sun taƙaita zance. A 1928 ya koma kamfanin MGM, aka karɓe ragamar aiki daga hannunsa, aka ba shi rubutaccen labari da mai yi masa faɗuwa. Giya ta shigo, aka sallame shi a 1933. Daga baya ya dawo kamfanin a matsayin mai ƙirƙira wa wasu abin dariya, ciki har da Marx Brothers. Lambar girmamawa ta Oscar ba ta iso shi ba sai 1960, shekara shida kafin mutuwarsa.