Maɗorin Sunaye

Duk wanda ya san Aliero ya san ta da albasa, ya kuma san ta da ɗori. Daga nesa ake ɗauko mai karaya a kawo shi garin, maɗori ya zauna ya bi gaɓar da yatsu a hankali har ya gano inda ƙashi ya rabu, sannan ya ja, ya daidaita, ya ɗaure. Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi a garin a 2006, wata sana'a ta fara tsiro a yankin, wadda a idona ta yi kama da ɗorin nan ƙwarai. Na ga yadda ake yin ta a wani shagon kwamfuta a Jega, irin shagon da ake buga takardu ana cike wa ɗalibai fom, a hannun wani saurayi da ya yi karatu a Aliero.

Sakataren wata ƙungiyar manoma ne ya zo daga wajen Maiyama da filashi a aljihu. Jerin sunaye uku ne a ciki: waɗanda suka yi rajista, waɗanda suka karɓi taki bashi, da waɗanda suka biya. Mutane daban-daban ne suka buga su a Excel, kowa da irin hannunsa. Abin da yake so jeri ɗaya ne da zai nuna wa ake bi, kuma nawa. Ya ce kwana uku ya yi da biro da rula, har sunayen suka fara yi masa rawa a ido.

Na zaci saurayin zai hau buga madannai nan take. Sai na ga ya jawo takarda ya soma tambaya. "Alhaji, in mutum ya fito sau biyu a jerin taki, bashi biyu ne ko kuskuren bugu? In aka bar gurbin buhu babu komai, bai karɓa ba ne ko ba a rubuta ba?" Ya zaɓi mutum biyar ya bi su da hannu daga jeri na farko zuwa na uku, yana rubuta kowane mataki da ya ɗauka. Na ce masa, "Ɗana, yaushe za a fara?" Ya ce, "Kawu, ai an fara. Abin da ban iya yi da hannuna ba, ba zan iya koya wa kwamfuta ba." Ya ninke takardar mutum biyar ɗin ya danne ta da kofi.

Kafin ya taɓa komai ya kwafe fayilolin uku zuwa wata folda, ya cire filashin ya miƙa wa mai shi. A kan kwafi ake aiki, domin in hannu ya goce akwai inda za a koma. Sannan ya sake ajiye kowane fayil a sigar da ake kira CSV, wato rubutu tsura babu ado, kowane manomi a layinsa, waƙafi ne kawai ke raba suna da ƙauye da lambar waya. Kwamfutar kanta ta girke ce, tsohuwa, da ƙyallen da ake lulluɓe ta saboda ƙurar hunturu, kuma ta ishi aikin.

Harshen da yake ba ta umarni da shi sunansa Python. Wani ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, shi ya fitar da shi a 1991, shekarar da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato. Yana cikin harsunan da kwamfuta ke karanta umarninsu layi bayan layi tana aikatawa a take, kamar yaron shago da aka ba takardar aike yana bi ɗaya bayan ɗaya. Ka rubuta layi uku, ka gwada, ka ga sakamako, ka ƙara na huɗu. Kyauta ake samun sa, kuma da zarar an girka shi ba ya bukatar intanet, abin da ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa.

Umarninsa na farko ɗan ƙarami ne: buɗe fayil, nuna mini layi goma na sama. Ya tsaya yana kallon su kamar mai duba iri kafin shuka. A nan ya ga sunan wani ya fito da baƙaƙe masu ban mamaki, Ɗanladi ya koma ÆŠanladi. Bai girgiza ba. Ya bayyana mini cewa kwamfuta lambobi take ajiyewa a madadin haruffa, kuma akwai tsari fiye da ɗaya na fassara lambobin. An ajiye fayil ɗin da tsarin UTF-8, wanda ya san ƙ da ɗ da ɓ ɗinmu, an kuma buɗe shi da tsohon tsarin Windows na harsunan Yammacin Turai, wanda bai san su ba. Kalma ɗaya ya ƙara a umarnin buɗe fayil, Ɗanladi ya dawo da lanƙwasarsa.

Daga nan aka shiga wankin sunaye, kuma a nan na fi daɗewa ina kallo. Kwamfuta ba ta da kara. In an bar ɗan fili a bayan suna, wanda ido ba ya gani, a wurinta wani mutum ne daban. Babban baƙi da ƙarami ma ba ɗaya ba ne. Saboda haka ya sa ta share filin da ke gaba da bayan kowane suna, ta mayar da haruffa duka ƙanana, ta cire Alh. da Mal. da Alhaji daga farko. Ɗan kuwa ya zo a siga uku, wani ya buga Dan, wani 'Dan, wani Ɗan, ya mayar da su guda don kwatantawa, ya bar asalin rubutun a gefe yadda yake. Sai ya gina abin da masu Python ke kira ƙamus, wato jerin kalmomi kowace da abin da take nufi: Mohammed da Moh'd da Muh'd da Muhammadu duk su koma Muhammad, Usmanu ya koma Usman, Bubakar ya koma Abubakar.

Amma da ya zo kan Garba sai ya ɗaga hannu daga madannai. Kowane Bahaushe ya san ana kiran Abubakar da Garba, ana kiran Usman da Shehu. Sanin haka ne ya nuna masa cewa wataƙila mutum guda ne ya yi rajista da sunan yanka ya biya da laƙabi. Sanin nan kuma shi ya hana shi haɗe su kai tsaye, domin a ƙauye ɗaya ana iya samun Garba da Abubakar 'yan gida ɗaya, kowa da gonarsa, in ka haɗe su ka ɗora wa wani bashin wani. Ya rubuta sharaɗi: in suna da sunan uba da ƙauye da lambar waya sun dace, mutum ɗaya ne, in uku sun dace ɗaya ya saɓa, a ware shi cikin fayil na daban, mutum ya duba da ido. Babu littafin Python da zai koya maka wannan. A tsakar gida ya koyo shi.

Lambobin waya kuwa ciwonsu sananne ne. Lambar Najeriya alƙaluma 11 ce kuma da sifili take farawa, shi kuwa Excel in ya ɗauke ta a matsayin adadi sai ya jefar da sifilin, tunda a lissafi sifilin gaba ba ya ƙara komai. Wasu kuma an buga su da 234 a gaba, wasu da fili a tsakani. Ya tsara matakan a jere: a zubar da duk abin da ba alƙalami ba, in ta fara da 234 a musanya shi da sifili, in alƙaluma 10 suka rage a mayar mata da sifilinta, in bayan haka ba ta cika 11 ba, a ware ta. Ya sa matakan cikin madauki, wato umarnin da ke cewa a yi wa kowane layi haka har jeri ya ƙare. A Python, duk umarnin da ke cikin madauki sai an tura shi ciki kaɗan daga bakin layi, bisa al'ada da fili huɗu, kuma da wannan turin ne harshen ke gane abin da ke ciki da abin da ke waje. Na lura kuma duk bayan 'yan layuka hannunsa na hagu yakan danna ajiyewa ba tare da ya duba ba. Wanda wuta ta taɓa ɗauke masa aikin awa biyu ba ya bukatar tuni.

Da ya saki umarnin gaba ɗaya, sai ya tsaya a tsakiya, allo ya cika da saƙon kuskure. A nan ne ake gane gwani. Akwai masu kwafo umarni daga intanet su liƙa ba su karanta ba, in ya ƙi aiki su kwafo wani, har rana ta faɗi. Shi kuwa daga ƙasa ya fara karanta saƙon, domin layin ƙarshe ne ke faɗin irin ciwon, waɗanda ke samansa kuma su nuna lambar layin da aka yi tuntuɓe. Ciwon shi ne an ce kwamfuta ta mayar da wani rubutu adadi ta kasa. Ya sa ta nuna kowane layi kafin ta taɓa shi, ya bi har inda ta tsaya, kamar yatsun maɗori a kan ƙwauri. Ga shi nan: wani ya buga buhu 10 da harafin O a madadin sifili. Bai gyara wannan kaɗai ya wuce ba. Ya ƙara sharaɗin da zai kama duk irinsa, sai ga wasu biyu sun fito, ɗaya ma an rubuta "biyar" da haruffa.

Ya gaya mini cewa kuskuren da ke ihu ba ya ba shi tsoro kamar wanda ke yin shiru. Python daga sifili yake fara ƙirga, gurbi na farko shi ne 0, na biyu 1. In ka manta ka ɗauko gurbin da ke kusa da wanda kake nufi, kwamfuta za ta tara maka lambobi ta ba ka jimla mai kyan gani, ba ta ce uffan ba. Don haka bai yarda da sakamako ba sai da ya auna shi. Ya ƙirga layukan da suka shiga, ya ƙirga waɗanda suka fita haɗe da waɗanda aka ware da waɗanda aka haɗe, lissafi ya tashi daidai, babu wanda ya ɓace a hanya. Sannan ya ɗaga kofin ya warware takardar nan ta mutum biyar. Abin da biro ya ba shi da safe, shi kwamfuta ta ba shi, har kwabo.

A bencin da ke ƙofar shagon akwai samari da na tarar tun hantsi, kowa da waya a hannu, har inuwa ta juya suna nan. Saurayin kuwa a ciki yana bin umarninsa layi-layi yana sa alamar # yana rubuta bayani da Hausa, wanda kwamfuta ke tsallakewa, mutum ne kawai ke karantawa: nan ake mayar da sifilin waya, nan ake ware masu shakka. Ya ce baɗi in an kawo sabon jeri, ko shi ko wani, sunan fayil kawai za a canza.

Aka yi kiran la'asar injin bugu na fitar da takardu kashi biyu. Mai kauri ita ce jerin bashi. Ɗayar shafi guda ce, sunayen da kwamfuta ba ta yanke hukunci a kansu ba. Sakataren ya bi ta da yatsa, ya tsaya a kan wani suna ya ce wannan ya san shi, wa da ƙane ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sauran ya ce sai ya tambayi masu unguwa. Ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, ya ɗaure mai kaurin a bayan babur, ya kama hanyar Maiyama.