Jinjina ga masu gyaran hanya a dajin Redwood

Duk wanda ya kwana biyu yana yawon ƙafa a dajin Redwood na arewacin Kalifoniya ya ci moriyar masu gyaran hanya, ko da bai taɓa ganinsu ba. Wasu itatuwan redwood sun haura mita 100 a tsayi. In iskar hunturu ta kayar da ɗaya a kan hanya, sai su datse tsakiyarsa, ka ratsa tsakanin gungumen da kaurinsa ya fi tsayinka. Aiki ja! A kwazazzabon Fern, daf da bakin tekun Gold Bluffs, su ne ke shimfiɗa katako kan rafi lokacin zafi. Da sawun baƙi ya fara lalata saiwoyin itatuwa a kurmin Grove of Titans, sai aka ɗaga hanyar sama da ƙasa, domin saiwar redwood ba ta nitsa sosai.