Kimiyyar Tukunya Guda a Karofin Marina

A ɗakin binciken sinadarai, idan an gama mataki ɗaya na haɗi sai a tsaya a tace, a wanke, a busar, sannan a shiga na gaba. Kowace tsayawa tana cin lokaci da kuɗi, wani kaso na kayan kuma ya salwanta. A 1901 Bajamushe Richard Willstätter ya haɗa sinadarin tirofinon ta wannan doguwar hanya, abin da ya tsira da shi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A 1917 Robert Robinson na Ingila ya zuba kayan haɗi uku a tukunya guda, ya samu kashi 17. A 2009 kuwa Yujiro Hayashi na Japan ya haɗa maganin murar nan Tamiflu a tukwane uku kacal.

Marinan kudancin Kano sun daɗe a kan wannan turba ta tukunya guda. Yankin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa ya fi arewacin jihar samun damina, baba kuma, wato shukar da ake rini da ita, na son ruwa. Can kusa da su Kura take, garin da turkuɗinsa ya kai har wurin Buzayen Sahara.

Ɗanyen ganyen baba ba shi da launin shuɗi. Sai an daka shi, iska ta taɓa shi, shuni ke fitowa, shunin kuma ba ya narkewa a ruwa. Marini ba ya ware shi daga ganyen. Duka yake jefawa a karofi tare da toka da katsi, ya yi ta motsawa da muciya har kwanaki. Toka ta ƙarfafa ruwan, ƙwayoyin halitta su ci ruɓaɓɓen ganye, su cinye iskar da ke ciki, su mai da shunin mai narkewa. A tsoma zane ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a kan idon mai kallo.

Abin da ya fi jan hankali shi ne, tarkacen ganyen da ɗan kimiyya zai zubar su ne abincin ma'aikatan karofin, wato ƙwayoyin halittar nan. Da an tace su, da aiki ya tsaya.

Amma hanyar tana da nata haɗarin. Idan toka ta yi yawa ko ta gaza, karofin gaba ɗaya ke lalacewa, kuma da wuya a gane inda ɓarnar ta faro. Ma'aunin marini hancinsa ne da idonsa, da kumfar da ke tasowa a saman ruwa, wannan sani kuwa ba a rubuce yake ba. Tun da kamfanin BASF ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, marina da yawa sun koma ga hodarsa da soda, karofi na ta cikewa da ƙasa.

Ya kamata sassan nazarin sinadarai na Jami'ar Bayero da ta Aliko Dangote da ke Wudil su tura ɗalibai su zauna da tsofaffin marina, su auna ruwan karofi daga ranar haɗi zuwa ranar rini, su rubuta.