Kati Uku Kafin a San Matsayinka a Filin Golf

A yawancin wasanni, gwani da ɗan koyo ba sa haɗuwa a gasa ɗaya. Ƙwallon lambu, wato golf, ta samo wa wannan matsalar magani, kuma maganin yana burge ni. Ana ba kowane ɗan wasa wata lamba da ake kira handikaf, wadda ke nuna yawan bugun da za a yafe masa. Da ita dattijo mai shekara saba'in zai kara da saurayin da ya fi shi ƙarfi da ƙwarewa, kuma kowa ya shiga fili da sa ran nasara. To, yaya ake yanka wa wanda ya shiga kulob jiya tasa lambar, alhali ba a san hannunsa ba?

Da can kowane yanki da nasa lissafin. Sai a 2020 hukumomi biyu da ke riƙe da dokokin wasan, R&A ta garin St Andrews a Sukotlan da USGA ta Amurka, suka haɗe tsare-tsare 6 suka zama tsari ɗaya na duniya. A ƙarƙashinsa, sabon memba zai kawo sakamakon ramuka 54: zagaye uku na rami 18, ko ya harhaɗa da na rami 9. Kowane katin sakamako sai wanda ya bi shi fili ya ga bugunsa da idonsa ya shaida. Wasan nan kan amana aka gina shi, amma amana mai shaida.

Kafin a fara lissafi, sai a gyara katin. Kowane rami yana da ƙa'idar bugunsa, 3 ko 4 ko 5. Ɗan koyo kuwa yakan faɗa ramin yashi ya kasa fita, ko ya jefa ƙwallo a ruwa sau biyu a jere. Idan ya yi bugu 12 a rami mai ƙa'ida 4, abin da za a lissafa masa 9 ne, domin ba a ɗora wa sabo fiye da biyar a kan ƙa'ida. Rami ɗaya da ya ƙi shi ba zai ɓata hoton wasansa gaba ɗaya ba.

Inda gwanintar take shi ne awon filin kansa. Bugu 99 a fili mai sauƙi ba ɗaya yake da 99 a fili mai wuya ba. Saboda haka akwai masu awo da aka horar, waɗanda ke taka fili rami bayan rami. Suna duba tsawo, da faɗin hanyar ƙwallo, da zurfin ramukan yashi, da ruwa, da bishiyoyi, da santsin ciyawar da ke kewaye da rami, da iskar da ta saba kaɗawa a wurin. Har tsayin ƙasa suna sawa a lissafi, domin a kan tudu irin na Jos ƙwallo ta fi tafiya nesa. Daga nan su fitar da lambobi biyu. Ta farko ita ce ma'aunin fili, yawan bugun da ake sa ran gwani marar rangwame zai yi. Ta biyu makin tsanani, wanda ke nuna yadda filin ya fi wahalar da matsakaicin ɗan wasa a kan gwani. Yana kamawa daga 55 zuwa 155, fili mai matsakaicin wuya kuma makinsa 113. Wani tsohon jami'in sojan ruwan Amurka, Dean Knuth, shi ya jagoranci ƙirƙiro wannan maki, domin tafkin da gwani zai tsallake da bugu ɗaya shi ne ke cinye ƙwallayen mai rauni.

A ɗauka sabon membanmu ya yi wasa a fili mai ma'auni 71.5 da tsanani 125, katunansa bayan gyara suka nuna 104 da 99 da 101. A cire 71.5 daga 99, saura 27.5. A ninka da 113, a raba da 125, a samu 24.9. Haka za a yi wa sauran biyun. Idan kuma ranar ta zo da iska ko ruwa har sakamakon kowa ya lalace, kwamfuta takan lura ta ɗan sassauta.

Mutum zai zaci za a haɗa ukun a raba. A'a. Mafi kyawu kaɗai ake ɗauka, sannan a ƙara zabge 2.0, lambarsa ta zama 22.9. Wasu sababbi sukan ji an matse su, ni kuwa ina ganin daidai ne. Abin da ake aunawa shi ne iyawarsa a ranar da hannunsa ya faɗa, kuma kati uku shaida ce kaɗan. Mai koyo yana saurin ci gaba, kamar yaron da tela ke yi wa ɗinki da sanin zai ƙara tsawo kafin Sallah. Da an sakar masa rangwame mai yawa, da ya kwashe kofunan kulob a watansa na farko, tsofaffin membobi su ji an cuce su.

Zabgewar tana raguwa da ƙaruwar katuna: a na huɗu ta koma 1.0, a na biyar a ɗauke ta. Idan suka kai 20, sai a riƙa ɗaukar matsakaicin 8 mafi kyawu daga 20 na baya-bayan nan. Iyakar lambar 54.0 ce ga maza da mata. Kwamitin handikaf na kulob kuma yana da ikon sa hannu, misali idan ya gano cewa sabon nan tsohon ɗan wasa ne da ya daɗe bai riƙe sanda ba.

Lambar tana bin mai ita duk inda ya je. Idan ya ziyarci fili mai tsanani 135, ma'auni 73, jimillar ƙa'idar ramukansa 72, wannan 22.9 za ta ba shi rangwamen bugu 28 a ranar, ya shiga gasa da mutanen da bai taɓa gani ba.